Fiffike Ba Ya Son Santsi: Yadda Ake Sabunta Turbar Taku a Ƙaramin Jirgin Sama

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, kafin sa ko guda ya hau tirela, sai an fara zuba yashi a ƙasan motar. Masu lodi ba sa wasa da wannan. Ƙarfe idan ya sha fitsari da kashin shanu yakan koma kamar an shafe shi da karkashi, kofato ba ya kama shi, kuma bijimin da ya zame ya faɗi a tsakiyar 'yan'uwansa kan hanyar Legas, ba lalle ne ya sake tashi ba. Yashin nan shi ke riƙe ƙafa har ƙarshen tafiya.

Wannan hikimar ce dai ke shimfiɗe a kan fiffiken ƙaramin jirgin sama, sai dai a can an sa mata ƙa'ida da lamba da sa hannu. Yawancin ƙananan jiragen da fiffikensu ke ƙasa da gangar jikinsu, ba a shigarsu sai an taka fiffiken. Shi ya sa a gindin fiffiken, daf da ƙofa, ake ganin wata baƙar shimfiɗa mai kaushi kamar samfefa, wadda injiniyoyi ke kira win-wok. A Hausance turbar taku ce. Aikinta biyu: ta hana takalmi zamewa idan raɓa ko ruwan sama ko mai ya jiƙa fiffike, ta kuma nuna wa mai hawa iyakar wurin da aka ƙarfafa don ɗaukar nauyin mutum. Taki ɗaya a wajenta na iya lotsa fatar fiffiken.

Ɗan Gumel ko Sule Tankarkar da ke son ganin wannan aiki da idonsa, Zariya zai nufa. A can ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1964, kuma tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyara a wuri guda. Shekara da shekaru ɗalibanta suna koyon tuƙi da jiragen Tampico TB-9 da Trinidad TB-20 ƙirar kamfanin Socata na Faransa, da Baron 58 mai inji biyu, kafin daga baya jiragen Diamond DA40 da DA42 na Ostiriya su shigo. Dukkansu fiffikensu a ƙasa yake. Haka ma Air Beetle, jirgin horo guda 60 da aka harhaɗa a Kaduna don sojojin sama. Jirgin makaranta kuwa ba ya hutawa: malami ya hau, ɗalibi ya hau, su sauka, wasu su karɓa, tun safe har la'asar. Babu inda turbar taku ke saurin cinyewa kamar nan.

Yanayinmu ma ba ya raga mata. Baƙin abu ne a ƙarƙashin ranar da a watan Afrilu da Mayu take haura digiri 40 a inuwa, fatar jirgin da ke tsakiyar fili kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Zafin yana busar da gam, yana fasa fenti. Hunturu ya zo da ƙura ya cike ramukan kaushin. Sannan kowane takalmi yana hawa da ɗan rairayi a tafinsa, yana goga yana gogawa, har tsakiyar turbar ta yi sulɓi kamar dutsen niƙan da ya daɗe ba a sassaƙe shi ba.

Ana gane lokacin canji ya yi ta hanyoyi kaɗan. A shafa tafin hannu: inda ya kamata ya kama, idan ya wuce sumul, kaushin ya tafi. A duba gefuna, musamman na gaba, ko sun fara ɗagowa. A nemi kumburi ko tsagewa. Sai kuma gwajin da ya fi duka muhimmanci, wanda ake yi da ƙafa: a taka a hankali daga gaba zuwa baya, ana saurare. Idan wani wuri ya lotsa, ko ya yi ƙara irin ta murfin gwangwani, to maganar ta wuce fenti. Jiragen Piper Cherokee sun yi suna da wannan ciwo, domin farantin da ke tallafe da fatar daga ciki yakan tsage bayan shekaru ana takawa. Wanda ya shafa sabon fenti a kan irin wannan wuri ya lulluɓe gyambo ne da sabuwar riga.

Kafin a taɓa komai, a buɗe littafin gyaran jirgin, na wannan samfurin, bugu na ƙarshe. Shi zai faɗi irin kayan da aka amince da su da iyakar turbar. A Najeriya Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ke shimfiɗa ƙa'idar wanda ya cancanci gyara da wanda zai sa hannu, kuma aikin da aka yi wa jirgi mai rajista sai injiniya mai lasisi ya duba ya amince kafin jirgin ya sake tashi. Mai koyo yana iya riƙe buroshi, amma a gaban ubangidansa.

Kayan turbar iri biyu ne. Akwai na shafawa, wato fenti mai kauri da aka cakuɗa da tsakuwa 'yar mitsitsiya tun daga masana'anta. Wanda ya fi shahara a ƙananan jirage shi ne Randolph X-1567. Akwai kuma na liƙawa, wani faffaɗan tef mai kaushi a sama da gam a ƙasa, irin su Safety-Walk na kamfanin 3M. Na shafawa yana bin kan ƙusoshin ribit ya zauna daram, ba shi da gefen da iska za ta kama, kuma ana iya yi masa faci. Na liƙawa ya fi saurin aiki, ya fi tsabta, kaushinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, amma rayuwarsa tana ga gefensa. A ƙasa mai zafi irin tamu, kan fiffiken ƙarfe mai ƙusoshi a tsaye, na shafawa ya fi kwanciyar hankali, muddin littafin jirgin bai ce akasin haka ba.

A nan ne dabarar gida ke zuwa wa mutum, kuma dole a tsaya a kanta. Mai fentin mota da ya saba da bodin tirela zai ce, “Injiniya, ai ba sai an yi oda ba, ga baƙin fenti ga yashi.” Ga ɗan Jigawa, jihar da sunanta ma daga tudun rairayi ya samo asali, maganar tana da daɗin ji. Amma rairayin jigawar Gagarawa ko ta Maigatari iska ta daɗe tana murza shi, ƙwayoyinsa sun mulmule, ba su da kaifin da zai ciji tafin takalmi. Ga shi yana tafe da laka da gishiri, su kuwa danshi suke ja su riƙe a jikin ƙarfe. Duk matar da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar sanholo ta san yadda cikin tukunyar ke komawa. Fatar jirgi dangin wannan ƙarfe ce, kuma ba ta da kaurin tukunya ko kusa.

Kaurin nata yana da ban mamaki. A yawancin ƙananan jirage fatar fiffike ba ta kai milimita ɗaya ba, tsakanin 0.6 da 0.8 take. Garwayen alminiyom ne mai lamba 2024, wanda aka sa wa jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100 don ya yi ƙarfi. Jan ƙarfen ya ba shi ƙarfi, amma ya sa shi saurin ci, saboda haka ake lulluɓe farantin ciki da waje da zallar alminiyom, wadda ba ta tsatsa da wuri. Lulluɓin nan kusan kashi 5 cikin 100 ne na kaurin farantin a kowane gefe, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Duk abin da za a yi daga nan zuwa ƙarshen aikin, manufarsa a cire tsohuwar turba ba tare da an yaga wannan siririn mayafi ba.

A shigar da jirgin rumfa mai iska, a sa wa tayoyi waigi, a kashe babban makunnin lantarki, a ɗaura wayar da ke sauke tartsatsi zuwa ƙasa. Tankunan mai a cikin fiffike suke, wani lokaci taku ɗaya ko biyu daga inda ake aiki. Man jirgi na 100LL tururinsa yana kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, kuma ya fi iska nauyi, yana malala a ƙasa ba a ganinsa. A lokacin hunturu da iska ta bushe, ko tsumman leda da aka goga a fiffike yana iya haifar da tartsatsi, don haka tsumman auduga kaɗai ake amfani da shi. Tukunyar kashe gobara ta kasance a kusa, ba a bayan ƙofar ofis ba.

Sai a ɗauki hoto, daga sama da daga gefe. A shimfiɗa takarda mai kauri a kan tsohuwar turbar, a zana siffarta, a sa alamar layin ƙusoshi biyu ko uku domin a san inda za ta koma. Mutane sukan raina wannan mataki, sai an kankare komai sannan a tsaya ana gardamar inda bakin turbar yake. A lura da duk wani rubutu da ke kusa, irin NO STEP da ke hana taku, domin dole ya koma mazauninsa. A Cherokee, alal misali, turbar tana sauka har kan filaf na dama, wato reshen bayan fiffike da ake saukarwa idan jirgi zai sauka, kuma ba a taka shi sai yana sama a kulle. Wanda zai yi aiki a wurin ya tabbatar da haka kafin ya ɗora gwiwa.

Idan tsohuwar turbar ta liƙawa ce, zafi ne ke sassauta ta. Littattafan Turai da Amurka za su ce a kawo na'urar hura zafi, amma kusa da tankin mai wannan ba abin so ba ne, kuma zafin da ya wuce kima yana ɓata ƙarfin alminiyom ba tare da ido ya gani ba. Mu Allah ya hore mana abin da ya fi ta: a tura jirgin ƙarfe rana na sa'a guda da hantsi, a dawo da shi inuwa, gam ɗin ya yi laushi. A ɗaga kusurwa ɗaya da makankarin roba, a naɗe tef ɗin baya a kan kansa, a ja a hankali kusa da fata. Fizga yana tafiya da fentin da ke ƙasa. Ragowar gam kuma a jiƙa shi da maganin cire gam da littafin ya ambata, a ba shi mintuna, a tattare da roba. Ba a wanke shi da fetur, komai ƙarancin kayan aiki.

Ta shafawa ta fi taurin kai. Idan ta cinye ne kawai, ba ta ɗago ba, ba ta kumbura ba, ana iya wanke ta sosai, a goge sama-sama, a ƙara sabon shafi. Amma sau ɗaya ko biyu ake yin haka. Akwai jiragen da za a tarar an yi musu shafi kan shafi har turbar ta yi tudu, ta tsattsage kamar ƙasan fadama a bazara, ruwa yana shiga ta tsagar yana kwana. Irin wannan sai an sauke ta har ƙarfe, da maganin cire fenti.

Maganin nan ba ya bambance abokin gaba da na gida. Yana cin gilashin tagar jirgi, wanda roba ce, ya bar shi da hazo da tsaga har abada. Yana narkar da gam ɗin da ke toshe tankin mai. Yana ɓata taya da duk wani sashe na faiba. Saboda haka a kewaye turbar da tef na alminiyom, ba na takarda ba, a danne bakinsa da kyau, a bi duk wata gaɓa da faranti ya hau faranti a rufe, a lulluɓe taga da gefen jirgi da leda mai kauri. Tsofaffin magungunan da ke ɗauke da sinadarin metilin kulorayid suna aiki cikin mintuna, amma tururinsu ya kashe mutane a ɗakunan da ba iska, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar da su ga jama'a a 2019. Sababbin sun fi jinkiri, sun fi sauƙi ga huhu. Ko wanne ne, sai da safar hannu mai jure sinadari, da tabarau, da takunkumin numfashi da ya dace da sinadarin. Ƙyallen da ake ɗaurawa don ƙurar hunturu ba ya tare komai a nan. A shafa da kauri, a rufe da leda don kada zafinmu ya busar da shi kafin ya ci, a jira fentin ya yamutse, a kwashe da makankarin roba. A maimaita. Sau uku na haƙuri ya fi sau ɗaya na ƙarfi.

Abin da ba ya kusantar fiffike: wuƙa, reza, buroshin waya, da soson ƙarfe irin na wanke tukunya. Ban da yagar mayafin nan, suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a cikin alminiyom, kuma duk inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu da danshi, ɗaya sai ya ci ɗaya. Kowane ɓurɓushi zai zama rami. Soson roba na Scotch-Brite shi ne abokin aikin. A kan ƙusoshin ribit kuma a sassauta hannu, domin kan ƙusa idan ya side, ƙarfin riƙonsa ya ragu.

Jiragen Diamond labarinsu daban ne. Jikinsu zaren gilashi ne da na kabon da aka daskarar da gam, maganin cire fenti kuwa gam yake ci, ke nan jirgin kansa zai ci. Zafi ma yana sassauta shi, abin da ya sa ake barin saman irin waɗannan jirage fari. Ba a shanya su a rana don a cire tef, ba a faɗaɗa baƙar turba a kansu, ba a sa musu wani sinadari sai wanda kamfanin ya rubuta sunansa.

Yanzu fata ta fito tsirara, kuma wannan ne lokacin da ya fi kowane daraja a aikin, domin wurin nan ya yi shekaru ba wanda ya gan shi, zai kuma sake shekaru a rufe. A wanke da ruwa mai tsabta, a busar, a kawo tocila da madubin ƙara girma. A kwantar da hasken a gefe yadda kowane rami zai yi inuwa. Tsatsar alminiyom ba ja ba ce, fara ce ko toka-toka, kamar an barbaɗa gari. Wani lokaci tana bin ƙarƙashin fenti kamar sawun tsutsa. A duba kewayen kowace ƙusa: baƙin zobe ko baƙin layi da ya bi iska daga kanta alama ce ƙusar tana motsi a raminta. A nemi tsaga mai fita daga ramin ƙusa, siririya kamar gashi. Inda akwai ƙofar dubawa a ƙarƙashin fiffike, a buɗe ta, a leƙa da madubi a ga haƙarƙarin da ke tallafe da turbar, da babbar azarar fiffiken da ke wucewa ta nan ta shiga jikin jirgi. Nauyin jirgin gaba ɗaya a sama kan wannan azara yake rataye.

Farar tsatsa ta sama-sama ana goge ta da soson roba har ƙarfe ya yi haske, a sake dubawa da madubi a tabbatar ba sauran baƙin ɗigo a gindin ramin. Mai zurfi kuwa sai an auna abin da ya rage na kaurin fata. Littafin kamfani ne ke yanke iyaka, kuma a wurare da yawa iyakar ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, wanda a irin wannan fata bai kai kaurin takardar rubutu ba. Littafin hukumar jiragen sama ta Amurka mai lamba AC 43.13-1B, wanda injiniyoyi a ƙasashe da dama ke ajiye kusa da hannu, ya ware babi na shida ga tsatsa kaɗai. Idan an wuce iyaka, ko an ga tsaga, a ajiye buroshi. Aikin ya tashi daga fenti ya koma gyaran ƙashin jirgi, mai jirgi kuma gara ya ji wannan labarin a rumfa.

Idan fata lafiya take, sai a mayar mata da kariyarta. A wanke ta da ruwan tsami na musamman irin Alumiprep 33, a ɗauraye. A gwada tsabtarta da ruwa: idan ya shimfiɗu bai ɗaya kamar gilashi, ta tsarkaka, idan ya tattaru ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, a sake wankewa. Daga nan ko yatsa kada ya taɓa. Sai a shafa Alodine, a bar shi jiƙe na 'yan mintuna har ƙarfen ya ɗauki launin zinare mai haske, kada a bari ya bushe a kai, a ɗauraye. Ruwan ɗauraya ya zama tatacce, domin ruwan burtsatse na wasu garuruwan yana da gishiri da zai zauna ƙarƙashin fenti. Alodine yana ɗauke da nau'in kuromiyom mai jawo ciwon daji, don haka ruwan da aka ɗauraye da tsummokaran a tara su a mazubi mai murfi, kada su bi kwata. Bayan ya bushe a fesa siririn fentin share fage, faraima mai haɗi biyu, a ba shi lokacin da gwangwaninsa ya faɗa.

Zaɓen rana ma aiki ne. Damina tana da danshi, hunturu yana da ƙura, bazara tana busar da saman fenti kafin cikinsa ya nuna. Abin da ya fi dacewa shi ne safiya, a cikin rumfa, a yayyafa ruwa a daɓe don ƙura ta kwanta, a rufe ƙofar da iska ke bugowa. Da asubahin tsakiyar hunturu kuma a jira rana ta ɗan ɗaga, domin gam ɗin tef ba ya kamawa sosai a kan ƙarfe mai sanyi ƙasa da digiri 10.

A ɗauko takardar zanen nan, a daidaita ta da layin ƙusoshi, a fitar da iyaka da tef. Kada a ƙara ko santimita ɗaya zuwa gaba don neman kyau. Gaban fiffike shi ne inda iska ta fi buƙatar santsi, kuma kaushi a wurin yana rage ƙarfin ɗagawa kamar yadda ƙanƙarar raɓa ke yi wa jirage a ƙasashen sanyi.

Idan mai shafawa ya buɗe gwangwani, zai tarar da ruwa-ruwa a sama, tsakuwar duk ta kwanta a gindi ta dunƙule. A dama da sanda har gindin ya tashi, kamar mai dama fura, kuma a ci gaba da motsawa duk bayan 'yan shafe-shafe, in ba haka ba farkon turbar zai fito sumul, ƙarshenta ya zama tudun tsakuwa. Idan ya yi kauri, a sirka da tinar da kamfanin ya ambata kawai. A shafa da buroshi mai gajeren gashi ko ƙaramar rola, ana dangwalawa maimakon ja, domin ja yana tara tsakuwa layi-layi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda samansa zai bushe cikinsa yana ɗanye. A cire tef ɗin iyaka tun shafin ƙarshe bai gama bushewa ba, ana jansa waje da turbar, sai bakin ya fito kamar an yanka da reza. Wanda ya bari ya kwana, tef ɗin zai taso da gefen fentin.

Mai liƙawa kuma ya yanka tef ɗinsa a kan tebur, ba a kan fiffike ba, ya zagaye kowace kusurwa kamar bakin kwabo, domin kusurwa mai tsini ita takalmi ke fara kamawa. A goge wurin da barasar goge-goge, a bari ta bushe. A ɓare takardar baya kamar faɗin hannu, a kafa bakin gaba daidai, sannan a riƙa janye takardar kaɗan-kaɗan ana dannawa da rolar roba daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Gam ɗin ba ya ba da dama ta biyu: inda ya sauka, nan ya zauna. A kan ƙusoshi a bi kowacce da babban yatsa ko gudumar roba har tef ɗin ya rungume ta. Akwai nau'in da aka yi masa bayan alminiyom mai laushi musamman don irin wannan wuri. A ƙarshe a zagaye bakin duka da siririn layin gam na toshe gefe. Wannan layin ba a tsallake shi. Turbar tana cikin guguwar farfela kai tsaye, kuma bakin gaba idan ya ɗago a sama yakan miƙe ya tsaya kamar shinge, ya hargitsa iskar da ke wucewa zuwa wutsiya, matuƙi ya ji jirgi yana kakkarwa bai san dalili ba.

Sai jira. Fenti yana son aƙalla kwana guda kafin a taka shi, gam ɗin tef kuwa yakan ɗauki kwana uku kafin ya kai cikar ƙarfinsa. A ɗaura igiya, a rataya takarda, domin a makaranta ko filin jirgi ba a rasa mai gaggawar da zai hau ɗauko abin da ya manta a kujera.

Kafin a sallami jirgin, a motsa filaf sama da ƙasa a ga fenti bai shiga maƙalarsa ba, a buɗe ƙofa a rufe, a duba ramukan da ruwa ke tsiyayewa ta ƙasa ba su toshe ba, a ƙirga kayan aiki, a tabbatar ba sauran guntun tef a ko'ina, musamman kan ƙananan ramukan da ma'aunin gudu da na tsawo ke shaƙar iska. Injiniya ya rubuta a kundin jirgin abin da aka cire, abin da aka gani a ƙarƙashi, kayan da aka sa da lambar gwangwaninsu, shafin littafin da aka bi, kwanan wata, sa hannu da lambar lasisi. Bayanin abin da aka gani shi zai fi amfanar wanda zai sake buɗe wurin nan gaba, ko a Zariya ne, ko a Kano, ko a filin jirgin Dutse da aka buɗe a 2014.

Bayan tashin farko a koma a bi bakin gaba da farce. Daga nan kulawar ba ta da yawa: a wanke da ruwa da sabulu marar kaifi da buroshin roba idan ƙura ta cike kaushin, kada man goge jirgi ya hau kanta, man inji ko na tanki da ya zuba a share shi nan take. Inda jirgi ke sauka a filin ƙasa, kamar masu feshin tsuntsayen jan-baki a kwarin Haɗeja, a ajiye ɗan buhu ko tabarma a gindin matakala, kowa ya karkaɗe takalminsa kafin ya ɗora ƙafa.